Ƙugiya Ɗari Uku

Shekara tara rubutuna yana kwana
a ƙasan akwatin Dije,
tsakanin zanen suna da takardar fili,
har ya ɗauki warin kafur.

Da rana ni ne akawun 'yan gwari a Farin Gada.
Kwando arba'in na tumatir, bakwai sun ruɓe,
buhun kabeji, kuɗin lodi, la'adar dillali.
In kasuwa ta lafa sai in juya bayan rasit
in rubuta abin da ba ya shiga lissafi.

Na aika Zariya. Na aika Ibadan.
Wani kamfani ya ce in saurare su.
Na saurara har Ilu ya yi haƙora,
ya famfare, ya sake wasu.

Tsoro ba ya sallama.
Da asuba yake zuwa, sa'ad da sanyin Jos ke cizon yatsu,
ya zauna bakin katifa, ya ce:
Kai wa? Ɗan wa?
Masu digiri na can Naraguta ba su buga ba,
sai kai mai ƙirga kwanduna?

Babana wankin kuza ya yi a Bukuru.
Yakan tsaya cikin ruwa har gwiwa
yana juya ƙwarya, yana juyawa,
yashi ya bi ruwa ya tafi,
ɗan baƙin nan ya kwanta a gindi.
Ban taɓa jin ya yi wa'azi a kai ba.
Tari kawai yake yi, ya sake ɗebo wani yashin.

Sai ni ma na wanke.
Shafi ɗari biyu suka koma casa'in da shida,
na bar waɗanda suka ƙi tafiya.

Ranar da Dije ta kwashi adashi
ta dire kuɗin a gabana, ɗaure da kyauro.
Ta ce ba don ta yarda da ni ba ne,
akwatinta take so, ta gaji da gadin takarda.

Kachollom ce ta buga mini a kwamfuta,
wani lungu bayan Taminus.
A shafi na arba'in yatsunta suka tsaya.
Na ce shi ke nan, ta gano ni.
Ta ɗago ta ce, "Malam, tsohon nan,
ya koma gida kuwa?"
Ban amsa ba. Na fita waje na sha iska,
duwatsun Shere suna can, ba su motsa ba,
ni ne ƙafata ke rawa.

Injin Tanimu a Dilimi ya girme ni.
Ya yi kwana huɗu yana tari,
wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa.
Kwafi ɗari uku, da ɗuminsu kamar burodi,
sunana a goshinsu, ba wanda ya ba ni izini.

A gida na buɗe shafi na sha biyu.
Inda na ce na durƙusa na sumbaci ƙasa
inji ya haɗiye ƙugiyar,
ga ni nan ina sumbatar kasa.
Dije ta yi dariya har da riƙe ciki:
shekara tara, ashe maciji kake nema!

Tsoro ya leƙo ta taga, ya ce ai na gaya maka.

Na ce Ilu ya miƙo biro.
Ni ina lanƙwasa kan harafi, Dije tana hurawa,
yaro yana ƙirga, yana gyangyaɗi.
Ruwa ya tsuge da ƙanƙara a kan kwano.
Kafin kiran assalatu mun mayar da ƙasar nan
sau ɗari uku, da hannu.

Yanzu suna kan teburina, gefen littafin rasit,
na danne su da dutse saboda iska.
Jiya wani direba daga Mangu ya juya ɗaya,
ya shinshina, ya ce in rage masa.
Ban rage ba.
Ya biya da kuɗi masu warin albasa,
ya cusa shi aljihu ya hau mota.

Na buɗe lissafi na rubuta:
littafi ɗaya, bai ruɓe ba.
Saura ɗari biyu da casa'in da tara.