Gurbi Bakwai

Takardar rajista gurbi bakwai gare ta.
Na shimfiɗa ta a bencin Hajja Batul mai shayi,
kofi ya danne kusurwa ɗaya saboda iskar kogi,
gwiwar hannuna ta danne ɗaya.
Wad Madani ta ɗau zafi tun hantsi.

Bara na cike duka bakwai.
Na ce ai ni 'yar Mai Wurno ce,
tulu biyu muke ɗaukowa daga bakin ruwa.
Sai Baba ya kwanta.
Ilimin sinadarai ya kayar da ni a watan,
lissafi ya bi ta kaina ya wuce,
sakamako ya fito kamar bakin tsohuwa:
nan haƙori, nan giɓi.

Masu tantance 'yan likitanci ba su san Baba ba.
Ba su san a barandar asibiti na haddace sunayen ƙasusuwa,
da fitilar waya,
ina ƙirga ɗigon ruwan da ake ƙara masa.
Lamba suke karantawa.
Tawa ta gaza da abin da bai kai tsinke ba.

Muzammil ya ja kujera ya ce,
"Ihlas, kwashi masu laushi.
Akwai malamin da ke ba da maki kamar sadakar Juma'a,
ki cika rumbu da ƙaiƙayi, wa zai leƙa?"
Na yi dariya,
amma alƙalamina ya ɗan karkata wajen, ba zan ɓoye ba.

Dakta Awad kuwa tabarau ya cire,
ya daɗe yana goge su da bakin rawani.
"Huɗu," in ji shi.
Na ce huɗu ai ragwanci ne, zango zai ƙaru,
kuɗin haya zai ƙaru,
Inna ta riga ta sayar da tunkiya.
Ya ce, "Huɗu. Kuma wanda ya kayar da ke ya zama na farko."
Fankar ofishinsa ta tsaya, an ɗauke wuta.
Muka zauna cikin gumi, ba wanda ya ƙara magana.

Yanzu ga ni da takarda, shayi ya huce.
Ƙuda na zagaya bakin kofi.
Abin da ke dawo mini
shi ne Baba a gonar dawa, kafin ciwo,
a durƙushe bayan ruwan farko ya zauna,
yana tuge shuka kore shar, lafiyayya,
yana jefarwa bayan kunya.
Ina ƙarama na yi masa kuka:
me ta yi maka?
Bai ɗago ba. Ya ce rami ɗaya ne,
su bakwai suka fito.

Na rubuta sinadarai. Hannuna ya yi rawa a wasalin ƙarshe.
Na rubuta ilimin halittu, don shi nake so tun asali.
Lissafi, mu sake haɗuwa.
Na huɗu na daɗe a kansa
har Hajja Batul ta ce ko in biya ko in ƙara kofi.

Uku suka rage fari fat,
suna kallona kamar ƙannen da aka hana bin mota.

A tagar rajista magatakarda ya juya takardar, ya duba baya,
ko na ci gaba a can.
"Shi ke nan?"
Na ce shi ke nan.
Hatimi ya sauka.

Da yamma zan kira gida.
Inna za ta tambaya yaushe zan gama,
Baba zai karɓi wayar da hannun da ke aiki,
ya tambaya ko an yi ruwa a wajenmu.