Tarin da Ke Cikin Faifai

Edita ya aiko da faifai ran Talata,
ya ce, "Bogumila, kalma ɗari uku, kafin Juma'a.
Yara ne daga Gdansk, su uku,
baƙaƙen kaya, ba sa dariya a hoto."
Na ajiye shi kusa da maganin hawan jini,
na dafa shayi, na bar shi ya huce.

Lodz da dare: tarago na goga ƙarfe a kwana,
ƙanƙara ta koma laka a ƙofar tsohuwar masaƙa.
Na kunna.
Injin ganga, bugu ɗaya babu sassauci,
kamar famfo na ɗiga a bokitin ƙarfe.
Jita mai kaurin murya tana jan ciki a ƙasa,
mai rerawa kuma daga gindin rijiya take magana.
Na rubuta: "Akwai sanyi, amma sanyin firiji ne."
Jimlar ta yi mini daɗi. Na ja mata layi.

Sai ta shida.
Tun kafin murya ta shigo na ajiye biro.
Waƙar Zdzislaw ce.

A hunturun tamanin da uku muka ɗauke ta,
a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake tara kwal,
lokacin da ake layin nama tun duhun asuba.
Rakoda ta aro, wuta mun jawo ta daga matakala.
Injin gangar ma shi ya haɗa abinsa
daga gawar rediyo biyu;
in ya ɗau zafi sai ya kama sauri
kamar wanda ya hango mai binsa bashi.
Kaset arba'in muka kwafa. Sha ɗaya aka saya.
Da sauran uwarsa ta tokare ƙafar kabad.

Ni ba na kiɗa. Riƙe fitila ne aikina.
A tsakiyar baiti na biyu, inda komai ke ɗaukewa
na tsawon numfashi guda,
ƙurar kwal ta shaƙe ni.
Na yi tari.
Ya harare ni. Ba mu da wani kaset ɗin a sake.
Kwana tara bai ce mini uffan ba.
Shekara ashirin da shida muna aure,
har a gadon asibiti yana yi mini gorin wannan tari.

Yaran nan sun wanke waƙar tas.
Sun yi wa ganga linzami, ba ta ƙara gudu.
Inda ya yi gurnani, yarinya ta rera,
inda ya ce hayaƙi, ita haƙuri ta ji.
Na fara wasa biro,
zan gaya musu zanen aro ba ya rufe katara.

Baiti na biyu ya zo. Komai ya ɗauke.

Sai tari.

Ba nawa suka yanko suka liƙa ba.
Wani yaro ne ya tsaya gaban makirufo
ya koyi tarina, gajere, sannan dogo,
har da ɗan jan numfashin mai jin kunya a ƙarshe.
Sun ɗauka cikin waƙar yake.
Sun ɗauka shi ya tsara shi.

Sau bakwai na mayar.
Maƙwabci ya buga bango da tsintsiya.
Na so a ce akwai wanda zan tasa daga barci
in ce masa, "Tashi ka ji, an yi mini kwaikwayo,
kai kuwa ko kalmarka ba su kama daidai ba."
Gefensa na gado jaridu ne a kai.

Ran Juma'a na aika: tauraro uku cikin biyar.
Na goge zancen firiji.
Na ce gangar ta cika ladabi,
na ce su bar inji ya yi zafi wani lokaci.
Layin ƙarshe: "Mai tari ya yi ƙoƙari,
sai dai ya makara da rabin daƙiƙa."

Edita ya bugo waya, ya ce, "Wane tari?"
Na ce, "Bar shi yadda yake, Remigiusz,
kada ka gyara mini."