Tallafin Gidauniya

Wata goma sha ɗaya muna jiran amsa
a makarantar dare, bayan kasuwar Aboabo,
inda rufi ke yoyo daidai kan allo.

Sau uku Malam Gariba na cike fom.
Suka ce, ɗalibai nawa?
Ya rubuta talatin da biyu,
bai ƙirga ɗan goyon Ayishetu ba,
shi da bai taɓa fashi ba.

Da kuɗin suka iso Kumasi, ba su kai rabi ba:
kwano huɗu, fitila, benci biyu.
Sauran karo-karo muka yi
daga cinikin koko da ƙosai.

Ranar sa hannu
aka miƙo mini tawadar dangwale.
Na ture ta gefe.
Na ce, Malam, biro.