Majalisar Dattawan Gindin Bedi

Rediyo na lissafa kujerun majalisar dattawan maƙwabta,
wane ya haye, wane ya faɗi, wane ya garzaya kotu.
Na rage masa murya, na dubi tawa majalisar
nan Tawa, unguwar Bilbis, gindin bedi,
inda benci biyu da turmi a kife suka ishe mu mulki.

Yaran unguwa suka raɗa mata sunan, don tsiya,
sunan kuma ya bi ta.
Ni ne magatakarda:
ni ke hura gawayi, ni ke riƙe da bashin sukari.

Kujeru bakwai ne in ka ƙidaya turmin.
Uku na 'yan Rijiya: Nomau, Tankari, da Illa tela
wanda ya ɗinka wa jam'iyya tuta ɗari biyu,
har yau yana jiran cikon jaka goma sha ɗaya.
Biyu na 'yan Fitila: Alkasum, da ya shekara talatin a Abijan
yana tallan agogo, ya dawo da tari da faransanci,
sai Arzika, wanda ba son haske ya kai shi Fitila ba,
ya shiga ne don Nomau na Rijiya,
tun rikicin iyakar gonar albasa kuwa
bakinsu bai taɓa kofi ɗaya ba.

Agali ɗan ba-ruwanmu ne.
Rawani ya rufe masa baki,
ba ka gane inda ya karkata sai an kai shayi na uku.
Bube na kan turmi, turmi kuma ke juya shi:
duk jam'iyyar da ta raba turmin atamfa,
matarsa ta ɗaura, shi ya ɗaga hannu.
In an ce ya cika sauya sheƙa
sai ya ce saniya ba ta rantse wa fadama ɗaya ba.
Da shi ake samun rinjaye. Nomau ya sani,
shi ya sa kofin farko, mai kumfa, Bube ake miƙa wa.

Mun yi aiki, kada a raina mu.
Mun tsige minista huɗu tsakanin azahar da la'asar,
mun karya kuɗin buhun hatsi,
mun ja ruwan famfo har ƙauyen da Illa ya fito.
Yamai ba ta ji ba.
Doka ɗaya ce tamu da ta ci:
wanda ya zagi uwar wani, shi zai sayi sukari.

Bana da damina Tankari ya kwanta.
Kwana tara.
Muka kai shi da hantsi, muka dawo da laka a takalma.
Rijiya biyu, Fitila biyu.
Alkasum ya buɗe baki zai ce kunnen doki,
tari ya riga shi, bai sake gwadawa ba.
Bube ya zauna da rinjayensa a hannu
kamar mai riƙe da tsohon kuɗin da aka daina karɓa.

Ran sadakar bakwai hannuna ya yi kuskure,
na zuba rabon Tankari.
Kofin na tsaye a faranti, yana hayaƙi, ba mai shi.
Arzika ya ɗauka, ya kurɓi rabi,
ya miƙa hagunsa bai duba ba.
Nomau ne a hagunsa.
Ya daɗe yana kallon kumfar. Ya shanye.
Ya ce sukari ya yi yawa.
Arzika ya ce ƙarya ne, bai ji ba.
Agali ya sassauta rawani, a karon farko na ga haƙoransa.

Jiya suka ce kujera ba ta kwana arba'in a wofi,
furfura ta fito mini, in hau benci,
amma sai na faɗi jam'iyyata.
Na ce su bari in yi shawara.
Shekara ashirin da shida ina durƙushe gaban gawayin nan,
ban san yadda bedin yake daga bisa benci ba.
Rediyo bai gama ƙidayarsa ba,
butar kuma ta fara kuka.