Kalmar da Na Tsinta a Ƙamus

Ana saura kwana tara jarrabawa
na tsince ta a ƙamus ɗin aro,
a shafin da gara ta ɗanɗani gefensa:
objurgation.
Na faɗe ta sau uku, harshena ya sarƙe
kamar na ci karo da tsakuwa cikin shinkafa.
Fassarar ba tsawo: faɗa mai zafi, tsawa.
Malaminmu ya ce ko masu harshen ba su cika taɓa ta ba,
tana ninke kamar rigar gado a ƙasan adaka.

Ni kuwa na san ta tun ban san baƙi ba.
Ita ce muryar Kawu Labbo a majema,
ran da na bar fatun awaki goma sha biyu
suka zarce kwanansu cikin ruwan toka,
na tafi kallon ƙwallo Runjin Sambo.
"Kai, wanga yaro, mi ad damuwarka?
Hwata ta ruɓe, kana can kana ihu!"
Ya wanke ni tas, ba ruwa ba sabulu,
har masu dakan bagaruwa suka tsai da taɓare.

Da magariba ya turo mini fura a ƙwarya.
Bai ce komai ba, ni ma haka.

Yanzu ga ta, haruffa goma sha ɗaya a jere,
ba warin jima, ba jijiyar wuya, ba furar.
Na rubuta ta a bayan hannu don kar in manta,
alwalar la'asar ta tafi da ita.
Ta Kawu tana nan,
ta kama ni yadda jan rini kan kama fata.