Ramuka Huɗu

A Rurum, bakin ruwan Tiga,
na kifar da jirgina bisa turmi biyu.
Ba ciki ya tsage ba, ba goshi ba.
Ramuka huɗu ne kawai,
inda noti ya riƙe ƙarfen gindin gora,
gorar da ke ɗauke da buhunan taki shida
waɗanda Uwale ta ɗinke mini wuri guda
don iska ta tura, kafaɗata ta huta.

Ni na huda su, da hannuna, ina murna.
Damina biyu ruwa na bin zaren noti,
ɗigo-ɗigo, ba sallama.
Jiya na sa farce,
katako ya biyo ni kamar dafaffen rogo.

Baba Ilu ya leƙa, ya tofar da goro:
"Kwalta da tsumma. Da su ubanka ya ci kifi
har haƙoransa suka ƙare."
Na yi shiru. Ubana bai taɓa huda jirginsa ba,
bai roƙi iska komai ba.
Kwalta kuwa na san halinta:
rana ta yi zafi ta kwanta, noti ya juya ta ba shi hanya.

Ran kasuwar Rano na tsaya gaban Nasidi.
Ya jera gam a kan benci, duk biyu-biyu,
ba mai kamawa sai an gauraya shi da ɗan'uwansa.
"Wannan minti biyar.
Kafin shayinka ya huce ya zama dutse.
Wannan kuwa malalaci ne, kwana guda cur,
ruwa-ruwa kamar zumar da aka tace."
Na tambayi kuɗi. Malalacin ya fi tsada,
karfasa kwando biyu, har da ɗoriya.
Na juya na minti biyar a tafina,
na tuna gaggawa ce ta kawo ni nan.
Mai saurin kamawa a baki yake tsayawa,
ni kuwa ciwona can ciki yake,
inda katako ke jin ƙishi.
Na ajiye. Na ƙirga kuɗin sau biyu.

Na faɗaɗa ramukan
har garin da ke zuba ya daina baƙi, ya koma fari.
Kwana uku rana tana lasar su.
Na liƙe ƙasansu da salatif,
na auna biyu da ɗaya a murfin kwalba,
na ɗiga tsinkakken da tsinken tsintsiya.
Katako ya sha. Na ƙara. Ya sha.
Sai da ya ƙoshi na kwaɓa sauran da garin zarto,
kaurin kunun gyaɗar da ya kwana,
na cika su fal.

Sai jira.
Su Barau suka wuce da koma a kafaɗa,
suka dawo da tarwaɗa, suna tambayata ko jirgin ya warke.
Da dare na fita da tocila sau uku
in taɓa, in fasa taɓawa.

Da safe ya yi ƙarfi, garai-garai kamar ƙaro.
A na huɗun wata tururuwa ta maƙale,
ƙafa ɗaya a sama. Na bar ta. Ta zama 'yar jirgi.

Na ɗauko abin huji na saita tsakiya.
Ladidi ta riƙe haɓa:
"Baba, ka toshe rami don ka sake huda shi?"
Na ce e.
Wannan karon ƙarfe ba zai taɓa katako ba,
akwai mai tsaro tsakaninsu.
Ta ce, "To da can fa?"
Na ce miƙo mini sifana.

Yanzu iska ta cika buhunan,
sunan kamfanin taki ya kumbura a samana.
Hannuna ɗaya na kan igiya,
ɗayan yana ƙarƙashin ƙarfe yana lalube.
A bushe yake.
Baba Ilu ya ce a jira Agusta.