Gishiri a Watan Duhu

A Tromso rana takan tafi wata biyu,
ba sallama, ba aike.
A cikin duhun nan ne fatata ta yi duhu.
Oddny, da muke jera kifi tare a ma'aikata,
ta ce, "Torunn, wace ƙasa mai zafi kika je a ɓoye?"
Ban je ko'ina ba.
Ina nan bakin tebur, jiri na ɗibata,
ina lasar gishirin kifi a yatsuna
in na ga ba mai kallo.

Likita na fari ya ce gajiya ce.
Na biyu ya ce hunturu ne, in sayi fitila mai haske.
Na uku ya dubi ramar da na yi,
ya tambaya ko muna zaman lafiya da mijina.
Shekara biyu da rabi ina hutawa a tsakiyar matakala.
Sai wata tsohuwa, Likita Haugland,
ta buɗe tafin hannuna,
ta ga layukan sun yi baƙi kamar an bi su da tawada.
Ta yi jim. Ta ce a ɗebi jini da sassafe.

Ashe wasu 'yan tsoka biyu ne
da ke zaune kan ƙoda kamar hula
suka ajiye aiki, ba su gaya wa kowa ba.

Abin da jikin kowa ke ba shi kyauta da asuba,
ni sai na ƙirga shi a tafin hannu:
babbar ƙwaya kafin ƙafata ta taɓa ƙasa,
rabi da tsakar rana, rabi kafin a tashi aiki.
In zazzaɓi ya zo, in ninka.
Ranar da aka binne mahaifina
na ƙara rabi a bayan coci,
na haɗiye ta da dusar ƙanƙara.

Wani dare, Eivind yana teku,
amai ya kama ni, sau uku, ƙwaya ta ƙi zama.
Hannuna na rawa, kwalbar allurar ta faɗi ta fashe.
A ɗakin gaggawa wani saurayin nas
ya miƙo mini lamba goma sha huɗu.
"Zauna, cutar ciki ce ke yawo a gari."

An rene ni a gidan da ba a ɗaga murya.
Uwata ko a kan gadon mutuwa haƙuri take ba masu jinya.
Amma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.
Na dafa kanta don kada in zube,
na ajiye jan katina a gabansa.

Na ce, "Ba alfarma na zo nema ba.
Miligiram ɗari, ta jijiya ko a cinya, yanzu.
Sannan ƙarin ruwa. Gwaji ya biyo baya."
Ya ce sai likita ya gan ni.
Na ce, "Karanta katin. Da ƙarfi, in ji."
Ya fara karantawa.
Bai kai layi na uku ba ya ɗauki waya.

Da safe ya zo bakin gadona, kunnuwansa sun yi ja.
Sunansa Sindre. Ya ce a makaranta shafi ɗaya aka ba cutar.
Na ce ni ma da shafi ɗaya na fara.

Yanzu kwalba biyu nake ɗauka, ɗaya a jaka, ɗaya a ma'aikata.
Lokacin shan shayi ina koya wa Oddny allura a jikin lemo.
Ta huda shi sau bakwai, tana ba shi haƙuri.
An ce ranar Talata rana za ta leƙo ta bayan dutse.
Zan fita in gan ta,
bayan na sha ta tsakar rana.